Washegarin Talata

Rumfa ba ta da rufi, ba ta da tabarma, ba kuma wanda ya taɓa ganin fuskar ɗan'uwansa a cikinta, amma Injiniya Dabo ya fi zama a can a kan falonsa na Upper Marlboro. Shi ya gina ta da hannunsa, shi ya sa ba a kushe ta a gabansa.

Asalinta wani zauren imel ne da Hausawan yankin Washington suka buɗe a farkon shekarun dubu biyu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, don sanar da haihuwa da rasuwa da ganin wata. A lokacin kowa da sunansa har da sunan garinsu, kuma sai mutum ya yi sallama ya gaida manya kafin ya ce uffan. Da siyasar gida ta shigo sai zama ya gagara. Wani ya zagi gwamnan jihar wani, kafin mako ya zagayo maganar ta isa Kano wajen surukinsa, aka bugo waya ana faɗa. Dabo, wanda aikinsa ke nan a wani kamfanin kwamfuta a Germantown, ya ce ai gyaran mai sauƙi ne, a cire sunaye kawai. Ya ƙera shafi inda duk wanda ya yi rubutu sai a ga "Wani ya ce", ba rajista, ba adireshi, ba a barin sawu. Har alfahari yake yi cewa ko shi ba zai iya gane mai rubutu ba. Ya ce yanzu ne za a faɗi gaskiya.

Sallama ce ta fara ɓacewa, kunya ta bi bayanta. Shekara na bin shekara, Rumfa ta zama wurin da ake sanin wanda zai ci zaɓen gida tun ba a buga ƙuri'u ba, da ɗakin da aka zauna a Washington aka yanke hukuncin, da ainihin dalilin da ya sa jirgin wane ya yi latti. Likitoci da malaman jami'a, mutanen da ba sa shan maganin ciwon kai sai sun karanta takardar da ke cikin kwalin, su ne suke haɗiye waɗannan labarai ko taunawa babu.

A shekarar dubu biyu da goma sha shida wani ya fara sa hannu a ƙarshen rubutunsa da "Na-Ciki". Bai faɗi ofishin da yake aiki ba, ya dai bar mutane su ƙarasa da kansu. Rubutunsa gajere ne, irin na mai tsoron a leƙo ta kafaɗarsa. Na farko cewa ya yi, "Masu bin titin 270, ku lura da washegarin Talata." Ranar ta zo, aka yi cunkoso har Dabo ya makara, ya isa ofis ko zama bai yi ba ya rubuta cewa magana ta tabbata. Ba wanda ya tuna masa cewa titin nan bai taɓa wayar gari ba cunkoso ba.

Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne, Na-Ciki yakan ambaci kowace rana da sunanta, amma ban da Laraba. Kullum "washegarin Talata". Aka yi ta fassara. Wani ya ce harafin farko na kowace kalma alama ce, wani ya ce sunan wani shiri ne na asiri. Fassarar Dabo ce ta karɓu: ya ce na'urorin gwamnati suna farautar sunayen ranaku a intanet, shi ya sa mutumin yake kaucewa. Aka yi ta yaba kaifin basirarsa, kamar Talata ba rana ba ce.

Duk wannan wasa ne, har zuwa ranar da jami'an shige da fice suka ɗauke Abdou, wani ɗan Nijar mai sayar da turare a Landover, wanda takardunsa suka daɗe da ƙarewa. Sun zo daidai wurin, daidai lokacin da yake buɗe teburinsa. Hankalin kowa ya tashi, aka fara tambayar wa ya nuna shi. Ana cikin haka Na-Ciki ya rubuta: "Mai kwashe zance yana tsakiyarku. Yana ci da ku, yana dariya da ku, kunnensa da bakinsa suna wajen waɗanda bai taɓa gani ba. Kullum yana bisa hanya."

Kafin la'asar an gama fassara. Wa ke bisa hanya kullum in ba direba ba? Wane direba ne kuma yake ɗaukar masu kwat daga ofisoshin gwamnati a baƙar mota mai duhun gilashi? Ba a rubuta sunan Idrissa ba, Rumfa ai ba ta san suna ba, amma an ce "ɗan Damagaram mai wushirya", kuma mutum ɗaya ne haka a duk Maryland.

Idrissa shi ne ya tarbi Dabo a filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, bai san shi ba, wani ne kawai ya ba da lambarsa. A ɗakinsa na Landover Dabo ya yi sanyin farko, a kan katifar da Idrissa ya bar masa ya koma kujera. Shi ya yanka ragon sunan Hairat, 'yar Dabo. Tsakaninsu akwai wasan Kanawa da Damagarawa, ba sa haɗuwa sai an yi musun wane ne bawan wani. In akwai mutum ɗaya a Amurka da Dabo zai iya bar wa makullin gidansa ya yi tafiya, to shi ne. Wannan amincin ne Dabo ya ɗauko ya fara jujjuyawa yana neman tsaga a jiki.

Mai neman tsaga kuwa ya samu. Ya tuna Idrissa yana yawan tambayar, "Wane ya samu takardunsa kuwa?" A da kulawa ce, yanzu ta koma bincike. Ya tuna bai taɓa shiga Rumfa ba, yana cewa shi ba ya hira da wanda ba ya ganin idonsa. To me yake gudu? Ya tuna yadda ya sami aikin baƙar motar nan ba wuya. Har tarbar filin jirgi sai da ya sake dubawa: haka kawai mutum zai bar aikinsa ya je ɗauko baƙon da bai sani ba? Da Na-Ciki ya sake rubutawa cewa, "Ba direba nake nufi ba, ku bar bawan Allah," Dabo ne ya bayyana wa jama'a cewa an matsa masa ne daga sama ya janye, wanda hakan ke nuna an taɓo inda ke ciwo.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, Idrissa ya hango Dabo a wurin ajiye motoci, ya taho da fara'arsa yana buɗe hannu.

"Kai, bawana! Ka ga ubangidanka ka kau da kai? Ina lahiya, ina iyali?"

"Lafiya lau," in ji Dabo, ya ba shi 'yan yatsu, idonsa na kan waya. "Ina sauri ne, akwai mitin."

Idrissa ya ɗan tsaya da hannunsa a miƙe. Ya waiga ya ga mutanen da suka saba tsayawa shan shayi a bayan motarsa kowa ya nufi tasa. Ya ce, "Bon, shi ke nan. Allah shi kiyaye hanya." Dabo ya shiga mota zuciyarsa na suya, amma ya gaya wa kansa cewa irinsu dama sun iya nuna tausayi.

Da yamma Alhaji Nasir, shugaban ƙungiyar Hausawan yankin, ya kira shi. Ya ce ranar Lahadi akwai taron wata-wata, kuma dattawa sun yanke shawarar a fito da maganar fili a cire Idrissa daga cikin jama'a, kada a sake gayyatarsa suna ko biki. "Kai ka fi kowa sanin harshen mutumin nan na ciki, Injiniya, kai kuma ka fi kowa sanin Idrissa. In daga bakinka ta fito ba mai musu." Dabo ya ce to. Ya ji nauyi, amma a ƙarƙashin nauyin akwai ɗan daɗi, don ba ƙaramin abu ba ne dattawa su ce sai kai.

Asabar da hantsi yana zaune a teburin cin abinci yana jera hujjojinsa a kwamfuta. Matarsa Kausar tana kicin tana suyar masa, waya maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, tana magana da wata abokiyar aikinta a gidan renon yara.

"A'a, Talata ba ni da sarari," ya ji ta ce. "Sai dai washegarin Talata. E, washegarin Talata da safe."

Hannunsa ya tsaya cak a kan madannai.

Sunan mahaifiyarsa Laraba. Shi yakan ambaci ranar ba tare da ya ji komai ba, rana ce kamar kowace. Amma Kausar 'yar Kazaure ce, an rene ta a gidan da suruka ba ta kama sunan uwar miji ko da wasa, ko da sunan ya zo a rana ko a kasuwa. Tun ranar da aka kawo ta kalmar nan ba ta sake fita daga bakinta ba. Farkon aurensu har tsokanarta yake yi, ya nuna mata kalanda ya ce ta karanto masa ranakun mako, ta rufe fuska tana dariya ta tsallake. Shekaru ke nan tana faɗin "washegarin Talata" a gabansa, a kicin, a mota, a asibiti. Yana ji, kunnensa dai ba ya wurin.

Ya yi ƙoƙarin kore tunanin. Mata nawa ne ke da suruka Laraba? Na-Ciki kuma ai namiji ne. Wa ya ce namiji ne? Ya laluba, ya ga ba wanda ya taɓa cewa. Ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana kallon bayanta kamar yau ya fara ganinta a gidan.

Da ta ajiye wayar ya ce, "Kausar, wace rana ce ke bin Talata?"

Ta juya masar da ke cikin tanda ɗaya bayan ɗaya, ba ta waigo ba. "Baban Hairat, yau kuma tsohuwar tsokana ce ta motsa?"

"Ke ce Na-Ciki?"

Ta kwashe masar ta zuba a kwano, ta rage wuta, ta goge hannunta. Sannan ta juyo. Ba tsoro a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Na ɗauka tun bara za ka gane."

Ya dafa bango. "Wane ofishi kika sani? Wa ke ba ki labari?"

"Rediyon mota. Sun ce za a rufe layi ɗaya a 270 don gyara. Na gaya maka a kan teburin can, na ce ka fita da wuri, ka ce 'uhm' idonka na kan waya. Na maimaita, ka sake cewa 'uhm'. Haushi ya kama ni, na shiga ɗaki na rubuta a Rumfarka. Da ka dawo aiki washegari tun daga ƙofa kake ƙwala mini kira, ka zaunar da ni kana karanto mini maganata, kana cewa in ji mai hankali." Ta yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba. "Wallahi ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Shi ya sa na ci gaba."

"Ci gaba har ki ɓata wa Idrissa suna? Mutumin da ya yanka ragon 'yarki?"

"Ni na ce Idrissa? Ku kuka ce. Na dawo na rubuta ƙarara cewa ba shi ba ne, kai da kanka ka tashi ka fassara musu cewa shi ne. Tun ranar ban sake runtsawa da daɗi ba, na rasa ta inda zan ɓullo maka."

"To wa kike nufi?"

Ta dube shi har sai da ya kau da ido. "Matar Abdou ta gaya mini zancen takardunsa tana kuka, ta ce kada in gaya wa kowa. Na gaya wa mijina, don na ɗauka mijina ba kowa ba ne. Bayan kwana biyu na gan shi a Rumfa, ana musu kan dokar baƙi, Wani ya kawo misali."

"Ban faɗi suna ba!"

"Mai sayar da turare a Landover, mai ɗingishi. Su nawa ne? Ban ce shi ya sa aka kama shi ba, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma shafin nan a buɗe yake ga duk duniya, kai ka sha gaya mini haka kana alfahari. Wa ke kwana bisa hanya tsakanin nan da Germantown? Wa ke ci da mu, kunnensa na wajen mutanen da bai taɓa gani ba? Na ɗauka in ka karanta za ka ji a jikinka."

Masa ta huce a kwano ba wanda ya taɓa. Abin da ya rage masa shi ne gobe Lahadi, kuma ana jiransa.

An yi taron a wani ɗakin taro da ƙungiya ke haya. Maza a gaba kan kujeru, mata a baya wajen tebur suna zuba abinci. Idrissa bai zo ba, ba a gayyace shi ba. Alhaji Nasir ya buɗe da addu'a ya miƙa wa Dabo makirufo.

Dabo ya ce Idrissa ba shi da laifi. Ya ce Na-Ciki ba ya aiki a kowane ofishi, ba shi da wani asiri, labaran rediyo ne ake sa musu duhu. Ɗaki ya ɗauki guna-guni.

"Ta ina ka sani?" in ji Alhaji Nasir. "Kai ka ce ko kai ba ka iya gane mai rubutu."

"Na san shi."

"To wane ne?"

Ya hango Kausar can baya, ludayi a hannu, tana zuba wa wata yarinya miya. Ya san in ya ambace ta, gobe ita ce abin ci a kowane gida daga nan har Kazaure. Ya ce, "Ni ne."

Sai wani ya fashe da dariya. Wani ya ce jiya-jiya Injiniya ke tara hujja, yau ya juya, a bincika wa ya kira shi a tsakani. Wani ya ce ai a ɗakin Idrissa ya sauka, dama can tafiyarsu ɗaya. Ana cikin haka wayoyi suka fara ƙara a aljihu, kawuna suka sunkuya layi-layi. Wani likita ya miƙe ya karanta da ƙarfi: "Za su turo wani ya ce shi ne ni. Kada ku yarda. Na-Ciki."

Dabo ya kai dubansa baya da sauri. Hannayen Kausar biyu suna riƙe da tukunya, ita ma ta tsaya baki buɗe tana kallonsa. Wani ne a cikin ɗakin nan, ko a wajensa, ya ɗauki sunan ya sa, tunda ba mai shi. Ya bi fuskoki da kallo, kowa da waya a hannu, kowa na iya zama shi, kowa kuma shi yake kallo da gefen ido. Alhaji Nasir ya karɓe makirufo a hankali, ya ce maganar Idrissa tana nan yadda aka yanke, ta Injiniya kuma za a duba.

Daga can Landover ya wuce kai tsaye. Ya tarar da Idrissa a wurin ajiye motocin gidajensu, ya naɗe hannun riga yana goge baƙar motar da tsumma. Ya yi sallama, Idrissa ya amsa cikakkiya, bai daina gugar ba. Dabo ya tsaya a rana ya zayyana masa komai, da rediyo, da sunan mahaifiyarsa, da zancen Abdou, da yadda ya tashi a taro ya wanke shi aka ƙi yarda. Ya ce zai rufe Rumfa yau ɗin nan. Ya roƙe shi ya yafe masa don Allah.

Idrissa ya matse tsumman a bokiti, ya shanya shi a kan madubi.

"Su waɗancan ba su dame ni ba," ya ce. "Ba su san ni ba, tsoro ne ya kama su, na gane. Rufe shafinka ma ba shi hana komi, gobe wani shi buɗe. Kausar kuma ka ce mata ba ni hushi da ita, ita ai ta ce ba ni ba ne." Ya juyo ya fuskanci Dabo sosai. "Abu guda nika son ka gaya mini, kada ka yi mini ƙarya. Da ba ka ji ta a waya jiya ba, yau da mi za ka tashi ka ce a wurin taron?"

Dabo ya buɗe baki. Hujjojin suna nan a kwamfutarsa a kujerar bayan motarsa, a jere, da lamba, ya ma gyara musu rubutu. Ya nemi wata kalma da ba ƙarya ba wadda zai iya faɗa, bai samu ba.

Idrissa ya jira shi, ya ba shi lokaci isasshe. Sannan ya gyaɗa kai, ya ɗauki bokitinsa ya zubar da ruwan a magudana.

"To," ya ce. "Ka gaida yara."

Ya hau matakala, bai waigo ba, bai kuma ce masa ya shigo ba.